Ƙarfen da ke Ƙarƙashin Gadona

Mun tashi da asuba, ana sallame salla, ni da Autana, daga gidanmu na Birnin Kebbi za mu Argungu. Abin da na faɗa wa mutanen gida shi ne barka za ni, jikata ta sauka lafiya ta sami ɗa namiji. Gaskiya ne kuwa, ban yi ƙarya ba. Amma akwai wata gaskiyar da na ƙulle a bakin zane ban nuna wa kowa ba. Auta ya rantse wannan ita ce tafiyarsa ta ƙarshe a kamfanin da yake wa tuƙi. In ya sauke kaya a Argungu ya dawo, zai ajiye musu makullinsu ya nufi Ikko, wai wani abokinsa ya samo masa tuƙin tanka. Mata da yara biyar da ni tsohuwa, duk zai bar mu ya tafi inda sai shekara ta zagayo a ga ƙeyarsa. Shi ya sa na ce ba zan shiga motar haya ba, a tasa zan tafi. Ya je ya roƙi babbansu na gareji, aka ce ba komai, tsohuwa ɗaya ba ta ƙara wa mota nauyi.

Bari in koma baya kaɗan, don wanda bai ji mafari ba ba zai gane ƙarshe ba. Kamfanin nan na dakon kaya ne. Su ɗauki taki, su ɗauki shinkafa, su ɗauki albasa, duk abin da ɗan kasuwa ya ce a kai masa. A da, kowane direba da motarsa. Ba mallakarsa ba ce, ta kamfani ce, amma shi kaɗai ke hawanta. Ta Auta wata shuɗiya ce, Shuɗiya ma yake kiranta, kuma tun babbar 'yarsa tana goye yake tare da ita, ga yarinyar yanzu ita ke raka ƙannenta makaranta. Ran Juma'a kafin ya yi wanka sai ya wanke ta. Ya sa mata labule mai geza, ya shimfiɗa mata darduma a kujera. Da jak ɗin kamfani ya mutu, wato ƙarfen nan da ake ɗaga mota da shi in taya ta fashe, bai jira kowa ba, ya sayo nasa da guminsa, ya haɗa da babbar sufanar kwance taya. Matarsa kan ce, da mota na cin tuwo, da ita za a fara zuba wa a gidan nan.

Ana nan, ana nan, bayan ƙaramar Salla sai aka zo da sabon tsari. Aka ce daga yau ba mai mota. Makullai duk a rataye a allo guda, da safe wadda aka miƙo maka ita za ka ja. Hujjarsu, in direba ya kwanta ciwo mota na kwanan banza, in mota ta kwanta gun makanike direba na zaman banza. Ranar da aka faɗa musu, Auta ya shigo gida da la'asar, labule a kafaɗa, darduma a hammata, mai kabu-kabu na biye da shi da ƙarfe a buhu. Bai ajiye ƙarfen a ɗakinsa ba, wai yara za su yi wasa da shi. Ƙarƙashin gadona ya tura shi. Tun daga ranar babban yatsan ƙafata bai huta ba, duk sanda na tashi alwala sai mun gaisa.

Da farko ni ma bayansa na bi. Marigayi mahaifinsu yana da jaki, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ba da aronsa ba. Cewa yake, jakin da kowa ke hawa ba mai duba bayansa. Na yarda da wannan magana har gobe. To amma fushi daban, barin gida daban. Na yi masa nasiha a ɗaki ya sunkuyar da kai, na fita ya ci gaba da shiri. Sai na ce wa raina, maganar da ba ta shiga a zaune ba, wataƙila ta shiga a tafe.

Keke mai ƙafa uku ya kai mu garejinsu, gari bai gama wayewa ba. Direbobi na zaune a benci gun mai shayi, kowa ya rungume kofinsa, ba mai magana da wani. Ni da na saba jin an ce bakin direba ba ya rufuwa, na yi mamaki. Kamar gidan da aka yi rabon gado aka ɓata. Aka miƙo wa Auta makulli, ya duba, ya ja tsaki. Wata tsohuwar farar mota ce ta faɗo masa, wadda suke kira Gwaggo, an riga an loda mata buhunan taki tun jiya. Na ce to madalla, tsohuwa za ta ɗauki tsohuwa.

Hawa babbar mota ba aikin mai shekaruna ba ne. Sai da aka jawo benci, na taka, mutum biyu suka tallafe ni, sannan na samu na zauna ina salati. Ciki kuwa warin man zafi, ga ɓawon gyaɗa a ƙasa, ga wani tsumma mai maiƙo a kan kujera.

"Inna, kin gani ko?" in ji Auta. "Dibi wagga ƙazanta. Mutum shi ci gujiya shi bar maka ɓawo, awa kai na baranai."

Na ce, "Na gani. Tuƙa mu dai."

Amma akwai abin da na gani wanda bai nuna min ba. Lokacin Shuɗiya, in ya zo da ita ƙofar gida, ba ya tashinta sai ya zagaye ta, ya bubbuga tayoyi, ya buɗe gaba ya duba ruwa da mai. Yau kuwa tsalle ya yi ya shige, ya murɗa makulli. Na haɗiye maganar na ajiye ta gefe.

Muka fito cikin gari. Daga can sama duniya daban take. Masu kabu-kabu da nake jin tsoro in ina ƙasa, sai ga su kamar tururuwa a gindin taya. Masu ƙosai sun hura wuta, 'yan makaranta na tsallaka titi da fararen kaya, ma'aikata sun fara fitowa da 'yan jakunkunansu. Rabona da hanyar Argungu an daɗe, kuma duk inda na sani daji ne yanzu ginin bulo ne, wani an gama, wani an bar shi tsaye ba rufi, awaki na kwana a ciki.

Da muka kai wajen Zauro sai fadama ta buɗe. Ai ko makaho aka kawo nan ya san ana yankan shinkafar rani, don ƙamshin kaɗai ya isa. Maza na bugun dami a jikin durom, mata na sheƙa, ƙaiƙayi na tashi yana ƙyalli a hasken safiya. Ga buhuna jere bakin hanya, ga 'yan kasuwa tsaye a kansu da hannu a aljihu. Na ga wasu baƙaƙen faifai a kafe cikin gonaki suna kallon sama, na tambaya. Auta ya ce da hasken rana suke jawo ruwa, tunda man fetur ya fi ƙarfin manomi. Na ce ikon Allah, ranar da muke gudu ita ce yanzu ke ban ruwa. A zamaninmu da ƙwarya da guga muka san lambu, kuma bayanmu bai manta ba.

A Ambursa muka tsaya karya kumallo. Wata mata ta miƙo mana hoce mai zafi da ƙosai ta taga, sai da ta yi ɗage. Da ta faɗi kuɗin na ce ko da akuya a ciki? Ta yi dariya ta ce, "Inna, wake na ya hau jirgin sama, ga hilin nan kusa." Ƙosai guda yanzu, abin da ake biya a kansa, da can ya cika min akushi har in raba wa maƙwabta. Hocen dai ya yi daɗi, ba laifi, ta sa masa ƙuli da yaji daidai. Na ci ina neman ta inda zan ɓullo wa Auta da maganar Ikko, shi kuma ya kafe ido a kan kwalta kamar ya san abin da ke bakina.

Ba mu yi nisa da Ambursa ba, sai na ji ya ce, "Innalillahi!" Ya taka birki har hocen da ya rage ya zame daga cinyata.

A ɗaya hannun titi, ga wata babbar mota ta sauka daga kwalta ta karkata, hancinta na kallon Birnin Kebbi, maƙare da buhunan shinkafa. Shuɗiya ce. Tayar gaba ta fashe ta yi kaca-kaca, kuma inda ta tsaya, ɗan abin da ya rage tsakaninta da bakin kwalbati bai kai tabarma ba. A inuwarta wani dattijo na zaune a kan dutse, farin gemu, hula a gwiwa. Abokin aikinsu ne, mutumin Ambursa, kuma shi ne mai Gwaggo a da, shekara da shekaru. Ka ji yadda Allah ya juya abin: kowa na jan ta ɗan'uwansa.

Auta ya gyara tsayuwa, ya dira, ya tsallaka da gudu. Ni ina sama, taga a buɗe, ina jin komai.

"Baba, lahiya? Ba ka ji ciwo ba?"

"Lahiya lau, Allah ya tsare. Auta, Allah ya kawo ka. Safaya na nan, amma ina jak ɗin wagga mota taka? Na duba akwati, na duba ƙarƙashin kujera, ba shi, ba sufana."

Auta ya sosa ƙeya. Ya ce, "Ai ba tawa ba ta yanzu, Baba. Kamfani za ka tambaya. Bari in ɗauko na Gwaggo."

Ya dawo ya buɗe akwatin ƙarfe da ke gefen motarmu. Ya leƙa ciki. Ya sake leƙawa. Ba komai ciki sai tsohuwar igiya da takalmi ƙafa ɗaya.

"Baba! Ina jak ɗin Gwaggo?"

Dattijon ya ɗaga kai yana kallon sama kamar mai neman wata. Ya ce, "Ai ba tawa ba ta yanzu. Kamfani za ka tambaya."

Manyan motoci biyu, manyan direbobi biyu, a tsakaninsu babu abin ɗaga taya ɗaya. Suka tsaya cirko-cirko. Suka tare wata ƙaramar mota, nata jak ɗin ko buhu goma ba zai ɗaga ba. Wata tirela ta zo ta danna musu oda ta wuce abinta. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas, irin na farkon bazara, ga shinkafar mutane a buɗe rabi. Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne sai na leƙo da kai.

Na ce, "Na Shuɗiya dai na san inda yake. Shina ƙarƙashin gadona, shi ya cinye min yatsa."

Auta ya ce, "Haba Inna!"

Dattijon ya dube ni, ya dubi Auta, sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi ƙasa. Ya yi ta yi har da tari. Da ya samu numfashi ya ce, "Hajiya, naki da sauƙi. Nawa ga shi nan baya gare mu, gida, amma ba shi ɗaukuwa. Rumbuna ya karkata, shi na tokare shi da shi. In anka zare, geron shekara na ƙasa."

Ba yadda za a yi, Auta ya kira matarsa a waya ya ce ta shiga ɗakina ta jawo buhun nan, ta ba maƙwabcinmu mai kabu-kabu ya kawo. Ina jin muryarta tana tambaya, "Wane buhu? Wanda ka ce ko gobara anka yi kada a taɓa?"

Suka sauko da ni, aka shimfiɗa min buhu a gindin wata bedi. Wata Bafulatana ta zo wucewa da ƙwarya, muka sayi fura da nono, ta dama mana a nan. Nonon da kauri, ba a yi masa wayo da ruwa ba. Bayanmu wani manomi na ban ruwan ƙarshe ga albasarsa, injinsa na ta tari. Can nesa balbelu sun sauka fari fat a gonar da aka yanke.

Auta bai sha furar ba. Zagayen Shuɗiya yake yi, yana neman abin da aka ɓata masa. Ya shafa nan, ya leƙa can. Ya je ƙofar gefen fasinja, wadda na sani tun da can ba ta rufuwa sai an ɗaure da igiya, ya ja ta. Ta buɗe. Ya tura ta, ta ce ƙwas, ta rufe. Ya sake buɗewa, ya sake rufewa. Ya yi ta yi kamar yaro da sabon takalmi.

Dattijon ya ce, "Kada ka ɓalle ta. Jiya na gyara ta a Argungu ina jiran lodi. Ƙusa guda ta, ta lanƙwashe. Kai ka saba da igiya, shi ya sa ba ka gani."

Auta ya saki ƙofar. Ya je ya tsuguna gaban tayar da ta fashe, ya zura hannu ta ciki yana shafawa. Ya daɗe a tsugune. Da ya taso fuskarsa ta canza, ni da na haife shi na san wannan fuskar.

Ya ce, "Baba, na san da ita."

Tayar tana da kumburi ta gefen ciki, inda ido ba ya kaiwa. Ya daɗe yana lallaɓa ta, in da kaya ba ya gudu, in rana ta take sai ya tsaya ta huce. Ya yi niyyar matsa wa ofis su canza, sai sabon tsari ya zo, ya miƙa makulli cikin fushi bai faɗa wa kowa ba. Ya ce a ransa, tunda sun ce kowa direbanta ne, kowa ya gano da kansa.

Dattijon ya juya ya kalli kwalbatin. Ni ma na kalla. Rami ne mai zurfi, da duwatsu a ƙasa. Injin mai albasa na ta tari a bayanmu.

Can dattijon ya ce, "Ɗiyana tara, Auta. Ƙaramin ko yaye ba a yi ba." Ya ɗauki hularsa ya kaɗe. "Amma ba ni da bakin zaginka. Ka duba ruwan Gwaggo yau?"

"A'a."

"Tana shan ruwa awa raƙumi. Ni ma ban hwaɗa ma kowa ba."

Suka tsallaka suka buɗe gabanta, ta riga ta huce. Ruwan saura ɗan kaɗan a ƙasa. Dattijon ya ce da mun ci gaba a haka, ba za mu ga Argungu ba sai injin ya dahu, da ni a ciki. Suka ari bokiti gun mai albasa suka yi ta ɗura mata, tana sha kamar ba za ta ƙoshi ba.

Da suka dawo inuwa na ce su zauna. Ban shirya maganar ba, ita ta zo da kanta. Na ce da Auta, yayarka da za mu gidanta, mai jegon nan ɗiyarta ce, ka san ba ni na raine ta ba. Ƙanwata ta Argungu Allah bai ba ta haihuwa ba, ana yaye yarinyar mahaifinku ya ce a kai mata riƙo. Raina ya so? Bai so ba. Na yi kuka a bayan ɗaki har idona ya kumbura. Amma ranar da na kai ta, ban ajiye ta a zaure na juya ba. Na zauna da ƙanwata na faɗa mata komai. Ba ta shan nono mai tsami. Tana tsoron agwagwa. In kin ga ta yi shiru ta daina ɓarna, to zazzaɓi ne, kada ki jira jikinta ya yi zafi. Zanen goyonta ma na bar mata, ban ce nawa ne da kuɗina na saya ba. Fushina da mahaifinku ne, mi yarinya ta yi min?

Auta ya ce, "Inna, mota ba ɗiya ba ta."

Na ce, "Kai ka mai da ita ɗiya, ba ni ba."

Dattijon ya yi murmushi cikin gemu. Ya ce shi ma tsarin bai kwanta masa ba, kuma ba zai fasa faɗa ba: motar da ba ta da mai ita, in ta sami tabo kowa sai ya ce ba shi ba ne. Amma ya tuna bara, da Gwaggo ta kwanta gun makanike kusan duk damina, shi ma ya kwanta, ba tafiya ba kuɗin hanya, har sai da ya sayar da tunkiya. Yanzu kuwa mota ta kwanta, direba ya tashi. "Kowane da ciwonai," in ji shi. "Amma wanga da munka yi, mu munka yi ma kanmu. Manaja na ofis shina shan iska, mu ka mutuwa bisa hanya."

Mai kabu-kabu ya iso da buhu ɗaure a baya, yana ƙorafin ƙarfen ya kusa karya masa babur. Nan na ga aiki. Auta ya shige ƙarƙashin Shuɗiya ba ko shimfiɗa, ya san daidai inda ake kafa jak ɗin. Dattijon ya taka sufana da ƙafa, mai albasa ya bar injinsa ya zo ya kama, mai kabu-kabu ma ya tuɓe riga. Aka fitar da fasasshiya, aka sa safaya, aka ja tamfol aka rufe shinkafa. Iska ta taso da ƙamshin ƙasa, aka ɗan yi yayyafi, hadarin ya zame ya yi kudu. Kafin su rabu na ga Auta ya riƙe hannun dattijon yana ta lissafa masa abubuwa, yana nuna giya, yana nuna birki, shi kuma yana mayar masa da na Gwaggo.

Aka sake ɗora ni sama. Daga inda nake ban ga bayan Shuɗiya ba, kuma can suka tsaya da mai kabu-kabu. Ko ƙarfen ya koma kan babur zuwa ƙarƙashin gadona, ko ya shiga akwatin Shuɗiya, ban gani ba. Ban kuma tambaya ba. Tsohuwa in ta yi magana sau ɗaya ta kama bakinta.

Muka kama sauran hanyar. Sau ɗaya kawai ya tsaya, ya sauka ya duba ruwa, ya tattara ɓawon gyaɗar nan da hannunsa ya watsar. Da azahar muka shiga Argungu. Ya sauke ni a bakin unguwar ƙanwata, ya ce a gaida mai jego, shi zai sauke taki ya juya.

Argungu tana nan yadda na san ta, sai dai ta ƙara cika. Ƙamshin soyayyen kifi ne ke fara yi maka sannu da zuwa. Jaririn ƙato ne, tubarkalla, da hancin kakansa. Ƙanwata ta tsufa har ta fi ni furfura, amma bakinta na nan, tana ganina ta ce wa ya ɗauko min wagga tsohuwa a motar taki? Ɗiyata kuwa, wadda yanzu ita ma ta zama kaka, in ta ce "Inna" sai mu amsa mu biyu, har yau ba mu daina ba. Ran suna aka yi tuwon shinkafa da miyar kifi, na ci har na ji kunya. Washegari suka kai ni bakin gulbi na ga masunta na jan koma, da jirage ɗaure a gaɓa. Na sayi banda ta tarwaɗa don yara, bayan na yi ciniki har mai kifin ya ce ko ni 'yar garin ce. Duk wannan ana yi, rabin zuciyata na Birnin Kebbi. Ba wanda ya kira, ni ma ban sa an kira ba.

A motar haya na dawo, mu huɗu a baya, da wata mata mai kaji biyu a kwando. Da muka zo daidai kwalbatin nan na leƙa, sawun taya na nan a ƙasa, na yi hamdala.

Na shiga gida yara suka yi caa a kan kifi. Ban tsaya amsa sannu da zuwa ba, ɗakina na wuce, na dafa gado na durƙusa na leƙa. Ba komai, sai shatar inda ƙarfen ya zauna a kan daɓe.

Matar Auta na tsaye a bakin ƙofa tana kallona. Ta ce, "Shina cikin Shuɗiya, Inna, da sufana da darduma duka. Labulen kaɗai ya hana, wai sai ya ga hankalinsu."

Na ce, "Shi fa?"

Ta ce ya tafi Yawuri da albasa, gobe zai dawo. Yanzu tun kafin a kira salla yake shiri, don ya riski wanda zai ja motar da ya ajiye jiya ya faɗa masa halinta. Wai sun mai da bencin mai shayi wurin miƙa amana, kowa ya faɗi ciwon wadda ya sauka daga kanta kafin a taɓa makulli, har mai shayin na ƙorafin surutu ya dawo. Sun kuma haɗu sun roƙi babbansu a raba su uku-uku, kowane ukun da motocinsu biyu, don a san wa za a tambaya. An ce za a duba. Dattijon Ambursa ya samo gungumen giginya ya tokare rumbunsa, ya mai da nasa ƙarfen cikin Gwaggo. Na ce maganar Ikko fa? Ta ce abokin ya kira, ta ji yana ce masa a ba wani.

To, abin da na gano a wannan tafiya ke nan, 'ya'yana. Maganar marigayi na nan daram, jakin da kowa ke hawa ba mai duba bayansa. Sai dai ni na ƙara mata kaɗan: in an tilasta muku hawan jaki ɗaya, wanda ya sauka ya faɗa wa mai hawa inda gyambon yake, don ba ka san ranar da kai za ka koma bisansa ba, da uwarka a gefe. Ko tsarin nan zai ɗore, ko za a koma wa na da, wannan sai masu kamfani. Ni dai ɗana na kwana a gida, yara na jin tarinsa da asuba. Ƙarƙashin gadona kuwa na share shi tas na tura kwallata, yatsana ya fara warkewa.